Rancen Gida na Asusun NHF: Kuɗin da Araha, Amma Sai Mai Takarda

Duk ma'aikacin gwamnati da ya saba duba takardar albashinsa ya san layin nan na NHF, inda ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 kowane wata. Da yawa sun ɗauke shi haraji ne, an yanka an wuce wurin. Alhali ajiya ce da sunan mutum, a asusun gidaje na ƙasa wanda doka mai lamba 3 ta shekarar 1992 ta kafa, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, yake riƙe da shi. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman rancen saye ko ginin gida a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, a biya cikin tsawon lokacin da zai iya kaiwa shekara 30. Tun 2023 doka ta ɗauke tilas a kan ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, sai wanda ya ga dama. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu shi ma yana iya yin rajista ya riƙa zubi da kansa.

Ta fuskar farashi, babu inda za a samu kuɗin gida mai sauƙin wannan a Najeriya. Naira miliyan 1 a kan kashi 6 na shekara 30 tana cin kusan naira 6,000 a wata. Miliyan 1 ɗin nan a bankin kasuwanci, a kan kashi 25 na shekara 20, ta doshi naira 21,000 a wata, idan ma bankin ya yarda ya ba da shekarun. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Bashin da ruwansa ya tsaya cak a kashi 6 a irin wannan yanayi narkewa yake yi: naira 30,000 da ke da nauyi a bana, nan da shekara goma ba za ta kai nauyinta na yau ba, gidan kuwa yana ta ƙara daraja. Amma lissafin yana da ɗaya fuskar, kuma ita ce ba a cika faɗa wa ma'aikata ba. Ajiyar mai zubi ruwan kashi 2 kawai ake ɗora mata, ba ya karɓarta kuma sai ya cika shekara 60 ko ya yi ritaya. Ke nan wanda ya yi shekara talatin ana cire masa bai taɓa cin rancen ba, kuɗinsa ne suka zagwanye domin wasu su mallaki gida.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Kafin a je ofishin kowa, a zauna da biro da takarda. Ƙa'idar ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Rancen miliyan 5 na shekara 30 yana buƙatar kusan naira 30,000 a wata, wato albashin da bai gaza 90,000 ba. Miliyan 15 na buƙatar 90,000 a wata, albashin 270,000 ke nan. An ɗaga iyakar rancen daga miliyan 15 zuwa miliyan 50, abin da ya yi daɗin ji, sai dai mai son cin miliyan 50 sai albashinsa ya kai wajen 900,000. Ga ƙasar da mafi ƙarancin albashinta ya koma 70,000 a 2024, sabuwar iyakar ba ta taɓa rayuwar malamin firamare ko ma'aikaciyar jinya ba.

Shekaru ma suna yanke hukunci. Shekara 30 ɗin ta matashi ce, domin ana so a gama biya kafin ritaya. Mai shekara 45 da ya rage masa shekara 15 a aiki zai biya kusan naira 8,400 a kan kowace miliyan, mai sauran shekara 10 kuma kusan 11,100. Da albashi iri ɗaya, ɗan shekara 30 zai samu kusan ninki biyu na abin da ɗan shekara 50 zai samu. Wannan ya sa jiran "sai na ƙara girma a aiki" yake cutar da mutane fiye da yadda suke zato.

Batun kason da mai nema zai fara ajiyewa ya yi sauƙi tun 2018, zamanin da Ahmed Musa Dangiwa yake shugabantar bankin: rancen miliyan 5 zuwa ƙasa ba a neman ko kwabo, daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin 100. Wanda kason ya gagare shi yana da wata ƙofa. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda ma'aikaci ya ciri har kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa ya biya wannan kaso, in ya yi zubin fansho na wata 60 kuma ya rage masa aƙalla shekara uku a aiki. Abin da ya fita daga fansho dai ya fita, a tsufa za a ji shi, don haka a auna.

Inda akasarin masu nema ke faɗuwa

FMBN ba ya miƙa wa mutum kuɗin sayen gida kai tsaye. Ana bi ta ƙananan bankunan lamunin gidaje masu lasisi, su ne ke karɓar takardu, su tantance, su tura, su karɓo kuɗin a kan kashi 4 su ba da a kan kashi 6. Za su nemi takardun albashi na watannin baya, shaidar biyan haraji ta shekara uku, shaidar zubin NHF, rahoton ƙwararren mai ƙiyasta darajar gida, in gini ne kuma da zanen da hukuma ta amince da shi da jadawalin kayan aiki da kuɗinsu. Duk waɗannan ana haɗa su da ɗan haƙuri. Abin da ke kayar da mutane shi ne takardar mallakar gidan.

Banki jingina yake so, kuma jinginar da doka ta sani. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ce ba a sayar da fili mai takardar gwamnati ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. Gidajenmu da yawa kuwa a filin awon igiya suke, abin da ke hannun mai gida bai wuce takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu ba. Wannan takarda tana da ƙima a tsakanin jama'a, tana kuma iya zama hujja a gaban alƙali, amma banki ba zai ba da miliyoyi a kanta ba. Gida mai kyau a unguwa mai tsada zai iya faɗuwa a tantancewa, wani da bai kai shi ba ya wuce domin yana da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati.

Ko mai C of O ɗin ma sai an bincika. A je hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ko ma'aikatar ƙasa ta jihar, a biya kuɗin bincike, a ga fayil ɗin da ido. Abubuwa huɗu ake dubawa: sunan da ke kan takardar shi ne na mai sayarwa, ba a riga an jinginar da gidan ga wani banki ba, babu bashin harajin ƙasa da ya taru, kuma iyakokin da ke zanen safiyo sun dace da abin da ke ƙasa. Sau da yawa za a tarar gida ya sauya hannu uku amma takardar tana ɗauke da sunan mai shi na farko, domin babu wanda ya nemi amincewar gwamna a tsakani. Gyara wannan sarƙa yana cin watanni da kuɗi. Gidan gado ya fi kowanne buƙatar taka-tsantsan: sai an ga takardar rabon gado daga kotu, an kuma samu sa hannun kowane magaji, mata da maza, har da wakilin marayun da ba su balaga ba. Magaji ɗaya da aka tsallake ya isa ya dawo da ciniki baya bayan shekaru.

Sai jinkiri, wanda shi ne babban aibin wannan tsari. Daga miƙa takardu zuwa fitar kuɗi ana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Mai gida ba zai zauna jira ba alhali farashi na tashi, ga dillalai na kawo masa masu kuɗi a hannu. Wanda zai bi wannan hanya kada ya ba da kafin alƙalami mai yawa sai an rubuta, a gaban lauya, wa'adin da mai gida zai jira da kuma cewa za a mayar da kuɗin in rance bai fito ba. Shi ya sa rancen ya fi tafiya daidai a rukunin gidajen da aka gina tun farko da haɗin gwiwar bankin, inda takardu suke a kammale. A can kuma sai a duba ingancin ginin da kyau, domin gidan da aka gina ɗaruruwa a lokaci guda ba kasafai ake samun kulawar da mai gida zai ba nasa ba.

A kuma tanadi kuɗin gefe, waɗanda ba sa cikin rancen: ladan mai ƙiyasi, lauya, kuɗin hatimi da rajista, kuɗin amincewar gwamna, inshorar gobara da ta rai, da la'adar dillali. A nemi bankin ya rubuto su dalla-dalla tun ranar farko.

Rancen gyaran gida

A ganina wannan ne sashen da ya fi amfanar talakan ma'aikaci, kuma shi ne aka fi rainawa. Ana ba da har naira miliyan 1, a biya cikin shekara biyar, ta hannun ma'aikatar da mutum yake aiki, ana cira daga albashi. Tunda albashin ne madogara, wahalar jingina ba ta taso kamar ta rancen saye ba. Miliyan 1 a kan kashi 6 na wata 60 tana kamawa kusan naira 19,300 a wata, abin da mai albashin 60,000 zai iya ɗauka.

Gaskiya miliyan 1 ta yi kaɗan a yau. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, kwano da katako da rodi duk sun bi sahu. Ya kamata a ce an ɗaga wannan iyaka tun tuni. Amma ƙarancin kuɗin ne ya sa tsarin kashe su yake da muhimmanci, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure: a fara da tayil da fenti domin su ne ido ke gani, damina ta zo ta lalata su.

Daga sama ake farawa. A hau rufi a duba katakon tukuna, domin sabon kwano a kan katakon da gara ta ci asara ce. A soka tsinin ƙusa, in ya shige da sauƙi a canza. Sabon katako a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora, a kuma ɗaure shi da bango da langalanga ko rodi, saboda iskar farkon damina ba kwanon kaɗai take ɗauka ba, da katakon take tafiya. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, a ƙirga a gaban mai shago. Wanda zai sa doguwar alminiyom kada ya sauka ƙasa da kaurin milimita 0.45, mai 0.55 ya fi, kuma a auna, domin abin da ake faɗa da baki ba kullum yake zama abin da aka yanko ba. Gidajen da aka ɓoye rufinsu a bayan bango, waɗanda suka yi yawa a garuruwanmu, kusan kullum daga kwatar cikin rufin suke yoyo. A share ta, a gyara gangararta, a faɗaɗa bakin indararo. Silin ɗin da ya yi taswira ba a canza shi sai an ga ruwan sama biyu ko uku sun wuce ba ɗigo.

Na biyu danshin ƙasa. Alamarsa fenti na kumbura daga gindin bango, filasta na zubar da farin gari kamar kanwa. Manna tayil a kai ba magani ba ne, danshin hawa yake yi ya ɓullo a saman tayil ɗin. A nemo inda ruwan yake fitowa: bututun da ya fashe, kwatar maƙwabci, ko tsakar gidan da ta fi ɗaki tudu. Bayan an toshe, a fasa filastar har kimanin mita ɗaya daga ƙasa, a bar bangon ya sha iska makonni, a rani in da hali, sannan a sake shafe da siminti mai haɗin maganin hana ruwa. A zagaye gindin ginin ta waje da daɓen kankare mai faɗin kamar santimita 60, mai gangara zuwa waje. In ginin ƙasa ne, a sani siminti ba ya kama jar ƙasa da kyau. Yana ɓamɓarewa, ruwa ya shiga bayansa ya ci bangon a ɓoye. Ramin sokawe kuma ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30.

Wayarin da famfo su ne na uku, kafin filasta, don kada a dawo ana fasa bangon da aka gama. Waya mai kaurin 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma 4 zuwa sama, kowacce da layinta. Jabun waya sun cika kasuwa, roba mai kauri da ɗan siririn tagulla a ciki, kuma su ne sanadin gobara da yawa. A yanka a duba kafin a biya.

A wurin kwaɓi ne birkila ke cin amanar mai gida ko ya riƙe ta. Buhun siminti kilo 50 ne, kwanon sarki biyu ke nan. Filastar ciki ana yin ta ɗaya bisa shida, wato kwano 12 na yashi a buhu; ta waje ɗaya bisa huɗu, kwano 8. Kankaren linta da ginshiƙi ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya, kwano 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa. Bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Bulo mai inci tara na kirki ba ya wuce 25 zuwa 30 a buhu, masu bugawa na kasuwa kuwa sukan fitar da 40 ko fiye, shi ya sa wani yake marmashewa a hannu. A ɗaga guda a sake shi daga tsayin ƙugu, in ya tarwatse a bar wurin. Duk aikin siminti yana son ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da filasta ta tsattsage tun ba ta yi ƙarfi ba. Fenti sai bayan mako uku zuwa huɗu.

Kuɗin aiki a biya shi zango-zango, kada a ba da duka a farko. A sayi kayan da kai, a ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da ba a zata ba, domin tsohon gida ba a sanin cikinsa sai an buɗe. In gyaran ya haɗa da ƙarin ɗaki, hawa bene ko fitar da shago a bakin titi, a nemi izinin hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna ko takwararsu a jihar. Jan fentin hukuma a bango ya fi kuɗin izini tsada.

Mai tunanin haya

An yi rancen NHF ne domin gidan zama, sau ɗaya kuma ake ba mutum. Wanda yake lissafin 'yan haya za su biya masa bashin ya sake dubawa. A ɗauka an sayi gida miliyan 12, ana ba da shi haya 600,000 a shekara. Kashi 5 cikin 100 ke nan, kafin a cire gyara, watannin da gidan zai zauna ba kowa, da ɗan hayar da zai riƙe kuɗi. Biyan rancen miliyan 12 na shekara 30 kuwa ya kai wajen 864,000 a shekara. Hayar ba ta rufe ba. Ribar gida a garuruwanmu tana cikin tashin darajar fili, kuma wannan ba ta shiga aljihu sai ranar sayarwa. Abin da ya fi yin ma'ana shi ne mutum ya zauna a gidansa ya huta da biyan haya, in fili ya ragu ya fitar da ɗaki biyu da banɗaki da ƙofarsu daban, ko shago, da kuɗin adashi ko na ƙungiyar gama kai. Mitar wuta daban ga ɗan haya tana kashe rabin rigimar da ake yi da masu gida.

Maganar ruwa

Ba za a yi wa Bahaushe bitar wannan rance a tsallake ta ba. Kashi 6 kuɗin ruwa ne, kuma malamai ba su bambanta kaɗan da mai yawa wajen haramcin riba ba. Mutane da dama da suka cancanta sun ƙi nema saboda haka, kuma matsayinsu abin girmamawa ne. FMBN ya sanar da tsarin haya har zuwa mallaka wanda aka gina a kan ijara, ba ruwa a ciki: bankin ne ke mallakar gidan, mai zubi yana biyan haya, a ƙarshe gidan ya zama nasa. Iyakarsa ita ce sai a gidajen da ke cikin tsarin, ba duk gidan da mutum ya gani ya so ba. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, masu ba da kuɗin gida ta hanyar ijara ko haɗin gwiwar da kason banki ke raguwa a hankali. Nasu ya fi tsada, shekarun biya kuma sun fi gajarta, domin da kuɗin kasuwa suke aiki. Su ma takardar mallaka za su fara tambaya. Kowace hanya aka zaɓa, a karɓi kwafin yarjejeniyar a kai wa malami masanin mu'amala da lauya su karanta kafin a sa hannu, a tambaya musamman wa ke ɗaukar asara in gidan ya ƙone ko ya rushe, da abin da ke biyo baya in an makara biya.

Ko mutum ba shi da niyyar cin rance, ya bi sawun ajiyarsa. Yakan faru a cire kuɗi daga albashi amma wurin aiki bai tura su asusun ba, ko a tura su da lambar da ba ta mutum ba, ba kuma a ganewa sai ranar neman rance ko ranar ritaya, lokacin da gyara ya yi wuya. A san lambar NHF, a danna *219# da layin da aka yi rajista da shi ko a je ofishin FMBN na jiha a karɓi bayanin asusu, a gwada shi da takardun albashi wata bayan wata. In an ga giɓi a rubuta wa sashen albashi takarda, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Wanda ya sauya wurin aiki ya kai tsohuwar lambarsa sabon wurin, kada a buɗe masa wata. Magadan ma'aikacin da ya rasu su ma suna da haƙƙin karɓar abin da ya tara, da takardar shaidar rasuwa da ta izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu.